Idan makero ya daina jin magani

Kafin ka ci gaba da karatu, mai karatu, ina so ka ɗan leƙa inda ake ajiye magunguna a gidanka, ko a gaban madubi ne ko a cikin wata leda a bayan ƙofa, ka ɗauko kirim ɗin nan da ake nema duk lokacin da wani ya fara susa. Juya kwalin ka karanta ƙananan rubutun da ke jikinsa. Idan ka ga sunayen sinadarai uku a jere, kuma ɗaya daga cikinsu clobetasol ne ko betamethasone, to ajiye shi a gefenka, domin a kansa za mu yi magana a wannan makon.

Makero dai ba baƙo ba ne a gidajenmu. Ƙurji ne da ke fitowa a zagaye kamar zobe, bakinsa ya ɗan tasa yana saɓa, tsakiyarsa ta yi kamar ta warke, ga ƙaiƙayi mai hana sakat. Abin da ke kawo shi wata ƙaramar halitta ce da likitoci ke kira fangas, dangin fumfunar da ke fitowa a jikin burodi idan ya kwana biyu. Wannan fangas yana rayuwa ne a kan mataccen saman fata da gashi da farce, kuma babu abin da yake so kamar zafi da laima. Duk wanda ya tashi a Kano ko Sakkwato ya dawo Legas ko Fatakwal da zama ya san bambancin. A can gida zufa na bushewa da kanta, a nan kuwa sai ka yi wanka ka fito ka ji kamar ba ka goge jiki ba. Shi ya sa matsematsi da hammata da ƙarƙashin mama da tsakanin yatsun ƙafa suka zame masa gida, musamman ga ɗan acaɓa da ke wuni a kan babur cikin matsattsen wando, ko ɗan dako a kasuwar Mile 12, ko uwargidan da ke wuni a gaban murhu.

A da, ciwo ne mai sauƙin kai. A shafa magani na mako biyu zuwa huɗu, ko a sha ƙwaya idan ya yi yawa, shi ke nan an rabu. Abin da ya faru a ƙasar Indiya ne ya sa likitocin fata a duniya suka daina yi masa kallon raini.

Tun daga tsakiyar shekarun 2010 likitocin can suka fara ganin wani irin makero da ba su saba da shi ba. Mutum zai zo da shi ya mamaye cinyoyi da mazaunai da ciki, har ya hau wuya da fuska, zobe a cikin zobe. Ya yi wata shida ko shekara yana fama, kuma sau da yawa matarsa da 'ya'yansa duk sun kamu. A ba shi terbinafine, ƙwayar da aka fi dogara da ita wajen maganin makero, ya shanye ta tas, ciwo na nan daram. A shekarar 2020 wasu masu bincike a Japan suka nazarci fangas ɗin da aka samu a jikin marasa lafiya 'yan Indiya da Nepal, suka ba shi sabon suna, Trichophyton indotineae. Abin dariya, sunan masanin da ya jagoranci aikin Rui Kano, amma Bajapane ne, babu abin da ya haɗa shi da Kurmi ko Dala. Likitocin Indiya kuwa har yanzu ba su ji daɗin yadda aka liƙa wa ciwon sunan ƙasarsu ba.

Daga nan aka riƙa ganin sa a Gabas ta Tsakiya da Turai da Kanada. A watan Mayun 2023 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton mutum biyu na farko a birnin New York. Ɗaya mace ce 'yar shekara 47 da ciwon ya kama ta lokacin da ta je Bangaladash, inda ta yi ta shafa kirim mai haɗin maganin fangas da sitiroyid. Ta sha terbinafine na mako huɗu babu sauƙi. Ɗayar 'yar shekara 28 ce, ita kuwa ba ta yi wata tafiya waje ba a lokacin, wato a cikin gari ta ɗauka. Ita ma terbinafine bai yi mata komai ba, sai da aka koma itraconazole ta sha na mako huɗu sannan ta warke.

To yaya aka yi ƙaramar halitta irin wannan ta fi ƙarfin magani? Fangas yana gina bangon jikinsa ne da wani irin kitse, kuma akwai wani sinadari a cikinsa da ke aikin haɗa wannan kitsen, kamar birkila a wurin gini. Aikin terbinafine shi ne ya je ya riƙe hannun wannan birkila, gini ya tsaya, fangas ya mutu. A cikin miliyoyin ƙwayoyin fangas da ke kan fatar mutum ɗaya, akan samu ɗaya ko biyu da aka haifa da ɗan canji kaɗan a halittarsu, wanda ya sa maganin ba ya samun wurin riƙewa da kyau. Idan aka yi magani da ƙarfinsa har tsawon kwanakin da ake buƙata, garkuwar jiki kuma tana taimakawa, galibi a kan gama da kowa. Idan kuwa aka shafa kwana uku aka bari, aka dawo bayan mako biyu aka sake shafawa aka bari, to raunanan ne ke mutuwa, masu taurin kan su samu fili su hayayyafa. An kashe maciji ba a sare kansa ba ke nan. A maimaita wannan a jikin miliyoyin mutane tsawon shekaru, sai a wayi gari masu taurin kan ne suka fi yawa a gari.

A nan ne kirim ɗin da ke gefenka ya shigo. Likitocin fata na Indiya da kansu sun ɗora babban kaso na laifin a kan magungunan shafawa masu haɗi, waɗanda ake sayarwa a kowane shago ba tare da takardar likita ba. Har akwai wani haɗi da ya yi tashe a can mai sinadari huɗu a bututu ɗaya: clobetasol da terbinafine da ofloxacin da ornidazole. Namu na nan galibi uku ne, shi ya sa za ka ga an rubuta Triple Action a kwalin. Akwai maganin fangas, kamar clotrimazole ko ketoconazole ko miconazole. Akwai antibiyotik, kamar neomycin ko gentamicin, wanda babu ruwansa da makero ko kaɗan. Sai kuma sitiroyid mai ƙarfi, wato clobetasol ko betamethasone.

Sitiroyid magani ne mai amfani a hannun wanda ya san shi. Aikinsa shi ne ya kwantar da garkuwar jiki a wurin da aka shafa. Ja da kumburi da ƙaiƙayin da kake ji a wurin makero alama ce ta cewa jikinka na yaƙi da fangas. Da ka shafa sitiroyid sai yaƙin ya lafa, ƙaiƙayi ya ɗauke cikin kwana ɗaya ko biyu, ka yi barci mai daɗi, ka ce lallai wannan magani yana da kyau, har ka yi wa maƙwabcinka kwatancensa. Alhali masu gadi aka sallama, ɓarawo na cikin gida. Fangas ya ci gaba da yaɗuwa a hankali, ya bi ramin gashi ya shiga ciki. Kai kuma tunda ba ka jin komai ka daina shafawa tun kafin maganin fangas ɗin da ke cikin haɗin ya yi rabin aikinsa. Bayan kwana goma ciwo ya dawo ya ninka faɗinsa na da, ka koma kyamis ka sayo wani. Da haka ne wani zai yi shekara yana sayen bututu bayan bututu, kuɗin da ya kashe ya ninka na ganin likita sau da yawa.

Wata ɓarnar kuma ita ce sitiroyid na sauya wa makero kama. Zoben ya ɓace, saɓar ta ɓace, ya koma wani irin tabo mai faɗi marar iyaka, ko ƙananan ƙuraje masu ruwa. Tun a 1968 wasu likitoci biyu a Ingila suka raɗa wa wannan yanayi suna, abin da za a iya fassarawa da makero mai ɓad-da-kama. Ko ƙwararren likita yakan ruɗe idan ya gan shi, ya ɗauka wani ciwon ne daban, wani lokaci ma ya ƙara rubuta sitiroyid. Shi ya sa ɓoye wa likita abin da ka shafa cutar kai ne.

A 2018 gwamnatin Indiya ta sanya magungunan shafawa masu sitiroyid a jerin waɗanda ba a sayarwa sai da takardar likita, amma a lokacin aikin gama ya riga ya gama. Hausawa na cewa idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Duk abin da ya haɗu ya haifar da matsalar a can muna da shi a nan: zafi, laima, cunkoson mutum takwas a ɗaki ɗaya a Agege ko Sabon Ibadan, da kirim mai haɗi a kowane lungu. Ga mutanenmu na zirga-zirga zuwa Indiya neman magani da karatu, wasu kuma Dubai sayen kaya. Mu ma har mun ƙara da namu salon. Uwargida, ke nake nufi a nan. Yawancinmu mun san gidan da ake matse irin wannan kirim a cikin man kaɗanya ko man shafawar jariri, wai don fatar yaro ta yi sumul ta yi haske, ko a shafa masa a wurin da kunzugu ya ci. Fatar jariri siririya ce, tana shanye sitiroyid zuwa cikin jini fiye da ta babba, balle a ƙarƙashin kunzugu inda wurin ke rufe. Ƙarshenta fata ta yi laushi ta riƙa tsagewa, nankarwa ta fito, jijiyoyi su bayyana, kumatu su kumbura a ɗauka ƙiba ce ta lafiya, girman yaro ya tsaya. Haka nan masu bilicin da mayukan da ke ɗauke da clobetasol, fatarsu ta zama gonar fangas, shi ya sa makero da ƙyasfi ba sa rabuwa da su. A 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasar nan. Ni a ganina, muddin ana sayar da waɗannan mayuka kamar alewa, faɗar hukuma kaɗai ba za ta kai ko'ina ba, sai iyaye mata sun daina saye.

Abin da ya sa batun ya fi ƙarfin ƙaiƙayi shi ne magungunan fangas ba su da yawa a duniya. Antibiyotik dangi-dangi ne, idan wannan ya ƙi a koma wancan. Na fangas kuwa manyan dangoginsu ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, saboda ginin jikin fangas ya yi kama da namu, da wuya a samu abin da zai kashe shi bai taɓa mu ba. Kuma dangin itraconazole da ake komawa gare shi idan terbinafine ya gaza, shi ne dai dangin da ake ceton ran mai cutar ƙanjamau ko mai kansa da shi idan fangas ya shiga huhu ko jini. A watan Oktoban 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin nau'o'in fangas 19 da ta ce suna barazana ga lafiyar jama'a, karo na farko da ta yi hakan, kuma bijire wa magani na cikin manyan dalilanta.

To me za a yi idan makero ya fito? Idan ɗaya ne ko biyu a jiki, ƙanana, ka nemi kirim mai sinadari ɗaya tak, clotrimazole ko miconazole ko terbinafine, ka karanta kwalin da idonka, kada ka yarda da "wannan ya fi ƙarfi" daga bakin mai shago. A wanke wurin a busar, a shafa safe da yamma, a wuce bakin zoben da kamar faɗin yatsa biyu, domin fangas ɗin ya fi yawa a gefe. Clotrimazole da miconazole na buƙatar mako biyu zuwa huɗu, kuma ko wurin ya yi kamar ya warke a ƙara mako guda a kai. Zai fi kirim mai haɗi jinkirin kashe ƙaiƙayi, wannan gaskiya ne, sai an yi haƙuri. Man birki da ruwan batir da kananzir da ake ɗiga wa yara kuwa ƙuna kawai suke yi, su bar tabo na har abada.

Idan aka yi mako biyu ana shafawa yadda ya kamata babu alamar sauƙi, ko ciwon ya kama wurare da yawa, ko ya hau fuska, ko yana tafiya yana dawowa, ko mutum biyu uku a gida sun kamu, to an wuce hurumin kyamis. Asibitocin koyarwa irin su LUTH da ke Idi-Araba da UCH na Ibadan da na Jami'ar Fatakwal, da Babban Asibitin Ƙasa na Abuja, duk suna da sashen fata. Gwajin farko ba shi da wahala: a ɗan kankare saɓar bakin ƙurjin, a ɗiga mata wani ruwa, a duba a madubin likita. Tantance ainihin nau'in Indiya kuwa sai da gwajin ƙwayar halitta, wanda ba kowane ɗakin gwaji ke yi ba, don haka likita yakan dogara ne da labarin da ka ba shi. Ka gaya masa idan kai ko wani a gidanka ya yi tafiya waje, ka kuma tafi masa da duk kwalaye da bututun da ka yi amfani da su, har waɗanda suka ƙare. Wanda ya daɗe yana shafa sitiroyid ya sani cewa idan ya daina, wurin zai yi ja ya yi zafi na wasu kwanaki kafin ya lafa. A nan ne mutane da yawa ke karaya su koma gidan jiya.

Akwai kuma dalilin da ya sa nake nacewa a kan gwaji. Ba kowane tabo ne makero ba. Tabon da ya fi sauran fata haske, ba ya ƙaiƙayi, kuma idan aka taɓa shi da auduga mutum ba ya ji, yana iya zama farkon kuturta, wadda maganinta kyauta ne kuma tana warkewa sarai idan aka kama ta da wuri. Ƙyasfi shi ma fangas ne amma wani iri daban, kuma ko bayan ya mutu fata kan ɗauki watanni kafin launinta ya dawo, sai mutum ya ɗauka magani bai yi ba ya yi ta ƙari. Babban mutum kuma da fangas ke yawan damunsa a matsematsi ko tsakanin yatsu, ya kamata a auna sukarinsa.

Makeron kai na yara, wanda ke cinye gashi ya bar fili mai fari-fari, shi hukuncinsa daban ne. Fangas ɗin na cikin silin gashi, inda kirim ba ya kaiwa, don haka duk shafe-shafen da za a yi ɓata kuɗi ne. Sai an sha magani, galibi griseofulvin, wanda ake amfani da shi tun 1958, na mako shida zuwa takwas, gwargwadon nauyin yaro. A ba shi tare da abinci mai maiƙo, kamar madara ko shinkafa da mai, domin da haka ne hanji ke tsotse shi. Wani lokaci wurin kan kumbura ya yi taushi yana fitar da mugunya kamar maruru. Kada a kai wa wanzami ya tsaga, ba maruru ba ne, maganin sha ne zai sauke shi, jinkiri kuma na iya barin sanƙo na dindindin. Kilifar mai aski na daga cikin manyan hanyoyin yaɗa shi. Gidan da ke da yara maza uku ko huɗu, sayen kilifa tasu ta kansu ya fi araha a kan jinyar wata biyu.

Game da ƙwayoyin sha, ina roƙon kada kowa ya saya wa kansa don ya karanta sunansu a nan. Griseofulvin da itraconazole ba na mai juna biyu ba ne. Itraconazole ba ya shiri da mai ciwon zuciyar da ke kumbura ƙafa, kuma yana karo da magunguna da dama: rifampicin na tarin fuka yana kashe masa ƙarfi, haka wasu magungunan ƙanjamau, haka magungunan gyambon ciki masu rage tsamin ciki, shi kuma yana ƙara wa wasu magungunan hawan jini da na kitsen jini ƙarfi fiye da kima. Mai irin makeron Indiya yakan sha shi na mako shida zuwa takwas ko fiye, wanda ke buƙatar likita ya riƙa duba hanta. Ƙwayar ketoconazole ta sha kuwa, tun 2013 hukumomin magunguna na Turai da Amurka suka taka mata birki saboda illarta ga hanta, amma har yau za ka same ta a wasu shaguna ana miƙa wa mai ƙyasfi. Sabulunsa da kirim ɗinsa ba su da wannan matsalar.

Magani kuma ba zai yi aiki ba idan tufafi na mayar da ciwon. Ƙwayayen fangas na iya yin watanni a jikin tawul da mataji da hula da zanen gado. Kowa ya riƙe tawul ɗinsa da sosonsa, a wanke kayan ciki da na shimfiɗa da ruwan zafi, a shanya a rana su bushe ƙarau, a goge su da dutsen guga ciki da waje. A damina, lokacin da kaya ke kwana biyu a igiya ba su bushe ba, gugar ta fi komai muhimmanci. Bayan wanka ko alwala a goge tsakanin yatsun ƙafa kafin a sa safa ko takalmi. Sannan a duba kowa a gidan rana ɗaya, har yaron shago da mai aiki da ɗan da ya dawo hutu daga makarantar kwana, duk wanda aka samu da shi a fara masa magani tare da sauran. Idan akwai kyanwa ko akuya a gidan da gashinta ke zubewa a zagaye, ita ma a nuna ta ga likitan dabbobi.